Martani Ga Masu Cewa Mai Gemu Ba Ya Koyon Ɗaukar Hoto

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sallame salla, ina tsaye a bakin titi da kyamarata rataye a wuya ina jiran 'yan uwa masu sayar da wannan jarida, sai wani bawan Allah da muka yi Islamiyya tare ya dube ni sama da ƙasa, ya kece da dariya, ya ce: "Malam, kai kuma da gemunka da komai ka koma mai hoto? Ina ce wannan aikin yara ne da 'yan biki?" Waɗanda ke gefensa suka taya shi. Ban tanka masa ba a wajen, domin bakin masallaci ba wurin cacar baki ba ne. To amma tunda ba shi ne na farko ba, kuma na san akwai 'yan uwa da dama da ke da sha'awar koyon wannan aiki amma tsoron irin wannan baki ya hana su, na ga ya wajaba in ba da amsa a inda kowa zai gani.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauki kyamara ina da shekara 25, alhali ban taɓa riƙe ta ba tun da uwata ta haife ni.

A farkon shekarar 2024 aka yi rusau a wata 'yar kasuwa da ke bakin unguwarmu. Da asuba katafila ta iso da rakiyar masu bindiga, kafin hantsi an mai da wurin fili. Rumfar yayana tana ciki, da kekunan ɗinkinsa biyu da kayan mutane da ya karɓa. Mun fi mu ɗari a tsaye a wajen, kuma kusan kowa ya ɗaga waya sama yana ɗauka, har da ni. Bayan kwana biyu hukumar da ta yi aikin ta fito ta ce wai 'yan rumfunan da ta rushe ba su taka kara sun karya ba, wai babu kowa a cikinsu, wai kuma an ba da wa'adi. Muka ce alhamdu lillahi, ai muna da hujja. Aka tara hotuna aka kai wa wani lauya da ya yarda ya taimaka fi sabilillah. Ya yi ta dubawa yana girgiza kai. Wannan ƙura ce kawai da ƙeyar mutane. Wannan ya yi dishi-dishi saboda hannu na rawa. Wannan ga tarkace nan, amma babu wata alama da za ta nuna wace kasuwa ce, ana iya cewa a kowane gari aka ɗauke shi. Waɗanda suka ɗan yi kyau kuwa an tura su ta WhatsApp daga waya zuwa waya, an goge na asalin don a samu wurin ajiye wani abu, shi kuma WhatsApp idan an tura hoto ta hanyar da aka saba sai ya matse shi, ya cire bayanan da ke ɓoye a jikinsa na rana da sa'a da irin na'urar da ta ɗauka. Lauyan ya dubi yayana ya ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, da wannan ba zan iya tsayawa gaban kowa ba."

A hanyarmu ta komawa gida na ce: "Yaya, ashe duk ɗaga wayar nan da muka yi aikin banza ne." Bai ce da ni uffan ba. Har yau yana ɗinki ne a zauren wani.

To ɗan uwa mai dariya, wannan shi ne wasan yaran da kake magana a kai.

Na shiga adashi, na haɗa da ɗan abin da nake samu, na sayi kyamara ta hannu, Nikon D3100, irin wadda ta fito tun 2010, har robar jikinta ta fara ɓaɓɓakewa. Na tafi wurin wani dattijo da ya yi zamani da shagon hoto tun lokacin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, wanda yanzu wayoyi sun kashe masa kasuwa sai ɗan hoton fasfo. Na durƙusa na ce: "Baba, na zo ka koya mini." Ya ce: "Ɗana, shekarunka nawa?" Na faɗa masa ina jin nauyi. Ya ce: "To me ya hana ka zuwa tun bara?" Wannan ita ce kaɗai tambayar da ya yi mini game da shekaru.

Masu cewa an makara, ina so su gaya mini a wane littafi aka yanke wa neman sani wa'adi. Mu ne fa muke zama gaban malamai tare da dattawa masu furfura da suka fara Ahalari bayan sun aurar da 'ya'ya, ba wanda ya taɓa yi musu dariya, sai ma a ce Allah Ya sa albarka. Amma da zarar abin ya zama sana'ar hannu ko fasaha, sai girman kai ya motsa. Gordon Parks, baƙar fatar Amurka da aka haifa a 1912, yana aikin raba abinci a jirgin ƙasa ya sayi kyamararsa ta farko ta hannu yana da kusan shekaruna, kuma a 1948 ya zama baƙar fata na farko da mujallar Life ta ɗauka aikin hoto, inda ya riƙa nuna wa Amurkawa talauci da wariyar da suke rufe ido a kansu. A nan gida ga Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda aikin jinya ta karanta, amma a 2015 ta ɗauki kyamara ta shiga lunguna tana ɗaukar 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu biki a ƙarƙashin sunan Bits of Borno, domin ta gaji da yadda duniya ba ta san komai game da garinsu ba sai bam da gawa. Mace ke nan, ku kuma maza kuna zaune a majalisa kuna auna gemun mutane.

Sai kuma masu ɗaga mana yatsa su ce haramun ne. Waɗannan ba na yi musu raddi da zafi, domin da yawansu tsoron Allah ne ya sa su, kuma hadisan da suka zo a kan masu sura sahihai ne, ba wanda ke musunsu. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta a mai da ita kamar an yi ijma'i. Tun farkon ƙarni na 20 Shaikh Muhammad Bakhit Almuɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar kuma ya rasu a 1935, ya rubuta risala sukutum a kan halaccin hoton kyamara, inda hujjarsa ita ce mai kyamara bai ƙaga wata sura da hannunsa don ya yi gogayya da halittar Allah ba, inuwar abin da Allah Ya riga Ya halitta ce ya tsare, kamar yadda madubi ke yi. Shaikh Yusuf Alƙardawi ya bi wannan ra'ayi a littafinsa na halal da haram. Shaikh Ibn Usaimin ma bai sa hoton da na'ura ke ɗauka nan take cikin surar da aka hana ba, ya mai da hukuncin ga manufar da aka ɗauke shi dominta. Shaikh Ibn Baz ya tsananta, ya hana sai da larura, kamar katin shaida da fasfo. To wanda ya bi mai tsanantawa ya tsare kansa, ba mu da ta cewa, Allah Ya ba shi lada. Amma abin mamaki, wanda zai tare ka da fatawa a bakin masallaci, idan ka karɓi wayarsa za ka tarar da hotonsa ya sha hula ya karkace a fuskar WhatsApp ɗinsa, ga kuma hotunan malaminsa fiye da ɗari. Ashe haramcin ba ya tashi sai ɗan uwansa ya rataya kyamara don ya koyi abin da kyau?

Daɗin daɗawa, ilimin da kyamara ta ginu a kansa ba baƙonmu ba ne. Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 miladiyya ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ne ya rubuta Kitabul Manazir mai juzu'i 7, inda ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne ke fitar da haske. Ya yi gwaji da fitilu da ɗaki mai duhu mai ƙaramar kafa, ya nuna yadda haske ke tafiya a miƙe ya ratsa kafar ya faɗa a bangon da ke fuskantarta. Ba na cewa shi ya ƙera kyamara, kamar yadda wasu 'yan uwa masu zaƙewa ke faɗa, domin sai a 1839 aka bayyana wa duniya hanyar tsare hoton a Faransa. Amma Turawa sun fassara littafinsa zuwa Latin sun yi ƙarnoni suna karatunsa, mu kuma jikokin masu littafin muna nan muna gardamar ko ya dace mai gemu ya leƙa ta kafar.

Su dai 'yan mulkin mallaka ba su yi wannan gardama ba. Lokacin da suka ci Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙi a Burmi a watan Yulin 1903, masana tarihi sun rubuta cewa sun datse kansa, suka ɗauki hoto, suka riƙa nuna shi a ƙasar nan domin duk mai tunanin tayar da kai ya san abin da ke jiransa. Duba da kyau, ɗan uwa: bindiga ta gama aikinta a yini ɗaya, sauran aikin hoto aka bar wa. Kakanninmu da suka yi shahada a wannan fili ba su da wanda zai ɗauki nasu ɓangaren, don haka galibin hotunan wancan zamani da muke gani a littattafai, wanda ya ci mu da yaƙi ne ya zaɓi inda zai tsaya da abin da zai nuna.

Kuma makamin nan yana yanka ta kowane gefe. A ƙasar Kwango, lokacin da Sarki Leopold na Beljiyam ya mai da ƙasar gonarsa ana yanke hannuwan mutanen da ba su kawo roba isasshiya ba, wata matar ɗan mishan mai suna Alice Harris, wadda ba sana'arta ba ce kuma ta haura shekara 30, ta ɗauki hoton wani mutum mai suna Nsala a 1904 yana zaune yana kallon hannu da ƙafar 'yarsa da aka yanke. Aka yi ta yawo da hotunanta a Ingila da Amurka, kuma suna cikin abin da ya tilasta aka karɓe ƙasar daga hannun Leopold a 1908. A Soweto ta Afirka ta Kudu, ran 16 ga Yunin 1976, Sam Nzima, wanda ya yi aikin otal kafin ya zama mai ɗaukar hoto, ya ɗauki Hector Pieterson ɗan shekara 12 da 'yan sandan wariya suka harbe, wani saurayi ya rungumo shi yana gudu, 'yar uwarsa na gefe tana kuka. Nzima ya san za a tare shi, sai ya zare fim ɗin ya cusa a safarsa. Dubban mutane ne a wajen a ranar, amma mutum ɗaya ne ya san inda zai tsaya, da lokacin da zai danna, da inda zai ɓoye abin da ya ɗauka. Wannan shi ne bambancin mai ɗaga waya da wanda ya koya.

A nan ne nake da magana da rukuni mafi yawa, masu cewa ai yanzu kowa mai hoto ne tunda kowa na da waya. Haka ne, kuma kowa na da wuƙa a gidansa amma ba kowa ne mahauci ba. Ni ba na raina waya, wayar kirki a hannun wanda ya sani ta fi kyamarar miliyoyi a hannun jahili, kuma duk wanda ba shi da halin sayen kyamara ya fara da abin da ke aljihunsa. Abin da nake raina shi ne ganin cewa babu abin koyo.

Wata uku na yi ina ɓata hotuna kafin in fahimci abu uku da Baba ke ta nanata mini, wato faɗin kafar da haske ke shiga, da tsawon lokacin da take buɗe, da ƙarfin jin haske na na'urar wanda ake kira ISO. Idan ka taɓa ɗaya dole ka rama a ɗayan. Mutum mai gudu ko abin hawa ba ya tsayuwa a hoto sai kafar ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri. Idan kuwa ka yi ƙasa da ɗaya bisa 60 kana riƙe da ita a hannu, to rawar hannunka kaɗai ta isa ta lalata komai, wanda shi ne ainihin abin da ya same mu da asubar ranar rusau. Sannan ga wata matsala da ta shafe mu musamman. Ranar Juma'a ko Idi, rana tsaka, kowa ya sha farar shadda, ga fuskokinmu baƙaƙe. Kyamara idan ka bar ta da ra'ayinta sai farin ya ruɗe ta, ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, sai ka samu riguna tas amma fuskoki kamar gawayi, ba a gane kowa. Sai ka ƙara mata haske da hannunka, ko ka ja mutum inuwa, ko ka jira la'asar sakaliya. Ba wayar da za ta gaya maka wannan, sai wanda ya riga ka ɓata nasa.

Na tuna ranar da na kai wa Baba hotunan wani taron karatu ina jin na burge. Ya duba ya ce: "Ɗana, a ina aka yi wannan?" Na ce a makaranta kaza. Ya ce: "Kai ka sani, hoton bai sani ba." Tun daga ranar nake bin ƙa'idarsa: da farko ka ja baya ka ɗauki wurin gaba ɗaya har da wata alama da ba ta gusawa, kamar hasumiya ko allon shago ko sunan titi, sannan ka matso tsakiya ka nuna abin da ake yi, sannan ka zo kusa ka ɗauki fuska ko hannu ko abin da ya lalace. Ka saita rana da agogon na'urarka daidai. Kada ka goge na asali, ka ajiye shi wuri biyu, idan kuma za ka tura to ka tura shi a matsayin fayil don bayanansa su tafi tare da shi. Da mutum biyu kacal cikinmu sun san wannan a ranar, da wataƙila lauyan nan bai sallame mu hannu rabbana ba.

Akwai kuma wani abin kunya da jahilcin hoto ya jawo mana, wanda dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wane ne cikinmu bai taɓa ganin hoton nan na limaman Buda masu jajayen mayafai tsaye kan tarin gawarwaki ba, an rubuta wai Musulmin Bama ne suka kashe? Da yawanmu mun tura shi muna Allah Ya isa. Alhali hoton girgizar ƙasa ce da aka yi a Yushu ta ƙasar Sin a watan Afrilun 2010, mutanen kuwa taimakon kwashe gawa suka zo. Zaluncin da aka yi wa Musulmin Rohingya gaskiya ne, babu ko tantama, amma duk lokacin da muka kare gaskiya da hoton ƙarya, mun miƙa wa azzalumi sandar da zai ce duka ƙarya ne. Haka wasu suka ɗauki hoton mutane fiye da 200 da tankar mai ta ƙone a garin Sange na Kwango a watan Yulin 2010, suka yi ta yaɗa shi a duniya wai Kiristoci ne Musulmi suka ƙona a Nijeriya. Yanzu kuma ga na'urori sun zo da ke ƙaga hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Wanda ya saba kallon haske da inuwa da tufafi da lambar mota, shi ne zai fara cewa tsaya, wannan ba nan ba ne. Kur'ani ya umarce mu da bin diddigin labari kafin mu ɗauka, to hoto ma labari ne.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ɗauka na ba shi lasisin cusa wa mutane kyamara a fuska. Wallahi abin da wasu matasa ke yi a wurin haɗarin mota ya fi ƙarfin a kira shi rashin tarbiyya. Mutum na kwance cikin jini yana salati, tufafin mace sun yaye, maimakon a kama a rufe a kai asibiti sai a zagaye su da wayoyi, kafin iyalinsa su ji labari sun ga gawarsa a Facebook. Haka masu raba ɗan buhun shinkafa su tsai da marayu da zawarawa a rana sai an ɗauki hoto. Abu na farko da Baba ya hana ni ke nan, tun kafin ya nuna mini madanni. Ba a ɗaukar mace sai da izini, ba a ɗaukar tsiraici, ba a ɗaukar mai bara don a yi masa dariya, idan kuma ana bukatar hannunka wajen ceto to kyamara ta koma jaka. Ba a kuma barin sahu ana salla don neman hoton sahu. Wanda ya koya a hannun malami yakan samu ladabin tare da fasahar, wanda kuwa ya tsinci abin a titi, a titi zai yi amfani da shi.

Har yanzu ɗan koyo ne ni. Cikin hotuna 50 da ƙyar nake fitar da biyar da Baba zai ce ba laifi, kuma batirina ba ya kai wa azahar. Amma da damina ta yi gyara a layinmu gidaje suka zube, ni na bi su ɗaya bayan ɗaya, daga nesa da tsakiya da kusa, da lambar kowane gida da mai shi a tsaye a gefe bayan na nemi izininsa. Da masu rubuta sunayen waɗanda za a taimaka wa suka tsallake gidaje huɗu, mai unguwa da waɗannan hotuna ya tafi, aka kuma mai da sunayen.

Mu huɗu ne yanzu muke zuwa wurin Baba, babbanmu ya haura 40, direban tifa ne, da waya yake koyo. Muna fita ranar Asabar bayan sallar asuba, lokacin da haske ke da taushi, mu zagaya kasuwar hatsi da bakin tasha mu dawo kafin rana ta yi zafi, sannan a zauna a zaure a duba na kowa a faɗa masa kuskurensa ba sani ba sabo. Shi ɗan uwan da ya yi mini dariya na aika masa da saƙo cewa akwai sauran wuri a tabarmar, kuma ba sai ya aske gemu ba.

Wassalamu alaikum.